Kurakuran da aka fi yi a gwajin jinotaif: ku daina rubuta AA da ka

Kowace shekara ana turo mana sababbin yara ɗakin gwajin jini, wasu sanin makamar aiki, wasu bautar ƙasa, kuma kowace shekara sai na maimaita maganar da na yi bara. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta ta wuri guda, duk wanda aka turo min daga yau sai ya karanta kafin ya taɓa injin jinotaif. Masu ƙananan lab a Rigasa, Kawo, Kakuri, Sabon Tasha da sauran unguwannin Kaduna, ku ma da ku nake, domin takardunku ne ke dawowa hannunmu idan an samu saɓani.

Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar halittar sikila, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a ƙasar nan duk shekara. Yanzu limamai da fastoci da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwaji. Haruffa biyun nan na jinotaif da kake rubutawa cikin daƙiƙa uku, AA ga wanda bai gaji sikila ba, AS ga mai ɗauke da ƙwayar, SS ga mai cutar, da su waliyyi zai ce ya bayar ko ya fasa.

Bari in tuna muku abin da ke faruwa a cikin tankin injin jinotaif, inda lantarki ke rarrabe nau'o'in himoglobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jar ƙwayar jini, don na lura da yawa suna danna maɓalli ne kawai. Bambancin himoglobin A da S gurbi ɗaya ne tak, gurbi na 6 a sarƙar beta, inda sinadarin balin ya zauna a wurin gulutamik asid. Wannan ɗan canjin yana rage wa S cajin lantarki, shi ya sa ba ya iya gudun A. Tun 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wannan bambancin gudu, kuma abin da muke yi a kan takardar seluloz asitet jikan gwajinsu ne. A cikin ruwan bafa, wato ruwan sinadarin da ake zubawa a tanki, mai pH 8.4 zuwa 8.6, tsere ake yi zuwa ɓangaren jar waya: A, na yau da kullum, shi ne a gaba, F na jarirai na bin sa, sannan S na sikila, sai C, wani nau'in da shi ma ake gada, can baya. Kai alƙalin tsere ne. To alƙalin da bai san inda kowa ya kamata ya tsaya ba, me zai yanke?

Gudu ba tare da jinin kwantirol ba

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci min rai, domin ni na yi shi, kuma ba ni kaɗai na biya kuɗinsa ba.

Ina sabon shiga aiki a wani ƙaramin lab a nan Kaduna. Watan Sha'aban ne, kowa na son a ɗaura kafin azumi, mutane cike da benci har waje. Firjinmu ya kwana biyu ba wuta, jinin kwantirol ɗinmu, wato jinin AS da muka riga muka tabbatar da shi muke jerawa tare da na mutane, ya lalace ya koma ruwan ƙasa. Ruwan bafan da ke cikin tanki ya kai mako biyu ba a canza ba, ga zafin da ke tsotse shi. Na jera jini takwas, na kunna. Ana tsakiyar gudu aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta an ɗauki lokaci, na ci gaba daga inda aka tsaya. Da na fitar da takardar, a sahu na biyar na ga layi ɗaya mai kauri, ya ɗan baje kamar an goga masa yatsa. Zuciyata ta ce a sake. Na leƙa waje na ga layin mutane. Na rubuta AA, na sa hannu.

Bayan shekara biyu da wani abu wani mutum ya shigo da jariri ɗan wata takwas a kafaɗa. Hannuwan yaron da ƙafafunsa sun kumbura suntum, yana kuka irin wanda murya ta riga ta dushe. Likita ya ce musu sikila ce. Mutumin ya zaro wata takarda da aka linke har ta fara yagewa, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ce, “Malam, wannan sa hannunka ne?” Na ce nawa ne. Ya ce, “Matata ta san ita AS ce tun tana makaranta. Saboda wannan takardar aka ba ni ita. A gida har an fara yi mata wani irin kallo, ana cewa in ni AA ne, to ɗan wa ta haifa?”

Na sake ɗibar jininsa a gabansa, na yi gudu da kwantirol. Layi biyu, A da S, ɓaro-ɓaro. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Allah Ya isa tsakanina da gaggawarka,” ya ɗauki ɗansa ya fita. Wani abokin aiki ya dafa ni ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban karɓi wannan magana ba a ranar, yau ma ban karɓa ba. Na ga layin ya baje, na san bafa ta tsufa, na san ba kwantirol, na rubuta. Wannan sakaci ne da sunansa. Kuma ku lura da abin da ya kusa faruwa: ban da ciwon yaron, takardata ta kusa ɓata sunan matar da ba ta yi laifin komai ba.

Saboda haka ga dokata, kuma ba na sassauta ta ko gwamna ne ke jira. Kowace takarda da za ta shiga tanki sai da kwantirol a kanta. Ban ce kowace safiya ba, na ce kowace takarda, domin gudun ƙarfe tara ba shi ne gudun ƙarfe ɗaya ba. In akwai kwantirol na kamfani mai A, F, S da C, madalla. In babu, ina haɗa nawa da jinin AS da na AC waɗanda aka tabbatar, in ɗiga ɗan jinin cibiyar jariri saboda F, in rarraba a ƙananan kwalabe in sa a firiza, kowace rana a ciro ɗaya. In kwantirol bai rabu ya ba ni layuka masu tsabta ba, duk abin da ke kan takardar nan shara ne, ko da na mutanen ya yi kyau a ido. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gudu, a jefar a sake daga farko, domin himoglobin yana bajewa a kan jiƙaƙƙiyar takarda duk mintin da ba lantarki. Ruwan bafa ni duk Litinin nake zubarwa, lokacin bazara kuwa sau biyu a mako. Wasu abokaina na cewa ɓarna ce. Su san nasu. Sannan duk sakamakon aure mutum biyu ke karantawa, kowa ya rubuta nasa kafin ya ga na ɗan'uwansa, a manna busasshiyar takardar a littafi da kwanan wata.

Kuma don Allah ku daina loda jini kamar kuna zuba miya. Jini ya yi yawa a wurin ɗigawa, A da S sai su haɗe su zama layi ɗaya mai kauri, irin wanda ya ruɗe ni. A wanke ƙwayoyin jini sau uku da ruwan gishiri, a fasa su da tataccen ruwa, a ɗiga siriri. Wanda ya ɗiga jini kai tsaye daga kwalba don sauri, furotin ɗin ruwan jini zai ja masa wutsiya a bayan layi, ya zauna yana cankar ko S ne ko datti.

Rashin tambayar ƙarin jini

Na biyu shi ma na ɗanɗana, kuma har yanzu ina ganin yara suna karɓar kwalba ba su buɗe baki sun tambayi mai ita komai ba.

Wata uwa ta kawo min 'yarta 'yar shekara shida daga wani ƙauye ta hanyar Birnin Gwari. An taɓa ce mata yarinyar sikila ce, amma wata maƙwabciya ta ce ta je birni a sake dubawa. Gudu ya yi kyau, kwantirol ya rabu, na ga A da S, na rubuta AS. Matar nan har da guɗa a ƙofar lab. Ta koma gida ta daina kai yarinyar asibitin masu sikila, ta daina ba ta folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Da damina ta sauka aka dawo da yarinyar ranga-ranga, jini ya ƙare, idanu sun yi ɗorawa. Sai a lokacin na ji cewa mako uku kafin gwajina an ƙara mata leda guda ta jini. A ɗin da na gani ba nata ba ne, na wanda ya ba ta jini ne. Allah Ya sa ta rayu. Uwar ta ce min, “Ɗana, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka.” Gaskiyarta. Tambaya ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120. Wanda aka ƙara wa jini yana yawo da jinin mutum biyu har tsawon watanni, kuma injinka bai san na waye ba. Littattafai suna cewa a jira wata 3. Ni wata 4 nake cewa, in ba gaggawa. A kan fom ɗinmu na sa an buga layi na musamman: an taɓa ƙarin jini? Yaushe? Duk fom ɗin da ya zo min wurin nan a buɗe, ina mayar da shi ga wanda ya ɗebi jinin, ya bi mutumin ko ya kai bakin titi. Kada ku ce “an yi maki taransfushan?” ku ɗauka kun yi tambaya. Ku ce, “Mama, an taɓa rataya mata jan ruwa a leda?” domin wasu ba sa bambanta ƙarin ruwa da ƙarin jini sai an kwatanta. In ba za a iya jira ba, a gwada uwa da uba, ko a tura inda ake duba ƙwayar halitta kai tsaye.

Sannan ku yi amfani da idanunku. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A mai AS na gaskiya kullum A ya fi S yawa, S yana tsakanin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 a mafi yawan mutane. In ka ga layin S ya fi na A kauri, ajiye biro. Ko dai SS ne da aka ƙara wa jini, ko kuma S ne haɗe da beta talasimiya, wata cutar jini ta gado, wanda shi ma ciwon sikila ne, ba “mai ɗauke da ƙwaya” kawai ba. Irin wannan sai injin HPLC, mai fitar da kason kowane himoglobin a lamba, har da F da A2, wani ɗan ƙaramin kaso da kowa ke da shi. Ka shafa jinin a gilashi ka duba a madubi ma: mai AS ba ya nuna ƙwayoyi masu siffar lauje a shafaffen jini na yau da kullum.

Ya kamata in faɗi wani abu mai ɗaci a nan. Akwai dangin da suka san wannan sirrin, suna kawo yarinya gwajin aure bayan ƙarin jini da gangan. Akwai saurayin da zai turo abokinsa ya ba da jini da sunansa. Akwai wanda zai ja ka gefe ya ce, “Yallaɓai, a taimaka, an riga an kai lefe,” yana cusa maka ambulan. Na san soyayya ce da tsoron kunya ke sa su. Amma na ga hannun jariri ya kumbura, ba wanda zai saye ni da lefe. Gwajin aure a wurina sai da katin shaida mai hoto, kuma a gabana ake ɗibar jinin.

Gwajin gilashi ba jinotaif ba ne

Wannan kuma jahilci ne tsagwaronsa, kuma ya yi yawa a ƙananan wurare. A ɗiga jini a gilashi, a haɗa da sodiyam metabaisalfait, a rufe, a ga ƙwayoyi sun lanƙwashe kamar lauje, sai a rubuta “sikila” a miƙa wa mutum ya tafi gida yana kuka. Gwajin nan abu ɗaya yake faɗa: akwai S a jinin. AS zai nuna, SS zai nuna, SC zai nuna. Haka ma gwajin narkewa da ake yi da dayitiyonait, wanda ruwan ke yin gurɓi har ka kasa ganin layukan da ke bayan kwalba. Ba ɗayansu da ke ba ka izinin rubuta jinotaif. Mafi muni, in bai nuna ba sai a rubuta AA, alhali AC da CC ba sa lanƙwashewa. Mai AC ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SC, wanda ke iya taɓa ido da ƙashin ƙugu. C ya fi yawa a ƙasar Yarbawa da Gana da Burkina Faso, amma Kaduna gari ne da kowa ya zo ya zauna ya yi aure, ina ganinsa a kan takarda akai-akai.

Amfanin waɗannan gwaje-gwajen a wurina shi ne shaida ta biyu. Himoglobin D da G suna tsayawa daidai inda S ke tsayawa a bafa mai pH 8.6, haka E da O-Arab da A2 suna tsayawa tare da C. Duk layin da na gani a gurbin S sai na tabbatar da gwajin narkewa. In bai yi gurɓi ba, ba S ba ne, sai a tura a yi gudu a kan agar, wani abu mai kama da jel, mai tsami, pH 6.0 zuwa 6.2, ko HPLC. Ba kullum ake cin karo da su ba, amma ranar da ka ci karo, aure za ka raba a banza.

In za ka yi na gilashin, yi shi daidai. Metabaisalfait kashi 2 cikin 100, giram 0.2 a mililita 10, sabo kowace safiya. Na jiya ya mutu. A toshe gefen murfin gilashi kaf da basilin, iska ta shiga ƙwayoyi ba za su lanƙwashe ba. Ni ina dubawa bayan minti 30, in sake bayan awa 2, wanda bai nuna ba in bar shi ya kwana kafin in ce babu. Na narkewa kuma yana yin ƙarya ga wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, sai a wanke ƙwayoyin a yi da su tsantsa.

Jariri kuwa kada ma ka fara. Ƙasa da wata 6 jininsa cike yake da F, S ɗin kaɗan ne, gwajin gilashi da na narkewa za su ce maka lafiya lau. A kan seluloz ma F mai yawa yana iya rufe ɗan siririn A ko S. Amma kada ka kori uwa ka ce ta dawo bayan shekara, wannan ma kuskure ne, domin jaririn SS yana bukatar fara shan fenisilin tun yana wata 2 zuwa 3. A tura ta inda ake da HPLC ko makamancinsa, ko a yi da ɗan tsinken gwajin gaggawa, sannan a maimaita in ya wuce wata 6. Asibitin Barau Dikko da asibitin koyarwa na Shika duk suna da likitocin jini, ba sai an je Abuja ba.

Tunda na ambaci tsinken gaggawa: HemoTypeSC a juye ake karanta shi. Layin da ya ɓace shi ne himoglobin ɗin da mutum ke da shi. Yaron da ya saba da tsinken maleriya zai karanta maka shi baibai in ba ka tsaya a kansa ba. Sickle SCAN kuwa layin da ya fito shi ne abin da ke akwai. Karanta takardar da ke cikin kwali, ka kiyaye mintocin da aka ce, kada ka bar kwalin ya wuni a bayan mota a rana.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Rubuta suna a jikin kwalba a gaban mai jini, ba bayan ka tara biyar a tire ba. Karanta EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a jikin kwalba, kada ka dogara da launin murfi, kamfanoni sun bambanta. Jinin da ya daskare ko ya kwana a zafi, a sake ɗiba. Zana jerin sahu a littafi kafin ka ɗiga, ka yanke kusurwa ɗaya ta takardar don ka san ina ne sama. Kada ka taɓa ta da yatsa, akwai hantsaki. Da hunturu takarda tana bushewa kafin ka gama jera jini takwas, ka gaggauta rufe tanki. Duba jar waya da baƙa, in ka juya su jinin baya zai gudu ya faɗa bafa. Rubutun hannu kuwa, na ga AS da aka karanta AC, na ga SS da ya zama 55. Manyan haruffa, sannan a maimaita da kalmomi a ƙasa. Mai shan haidiroksiyuriya, maganin da ake ba masu sikila, F ɗinsa yana hawa, ba kuskuren inji ba ne, tambaye shi magungunansa. In mutum ya ce maka jinotaif ɗinsa “O positif”, zaunar da shi ka bambanta masa rukunin jini da jinotaif.

Saura bakinku. Na ji yaro yana gaya wa masoya biyu masu AS cewa “'ya'ya uku na farko lafiya, na huɗun ne sikila.” Ƙarya ce mai kisa. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, 1 cikin 4, ana iya haihuwar uku a jere duk SS, ana iya haihuwar shida babu ko ɗaya. Na ji wata tana cewa mai SS “ba ya wuce ashirin” a gaban yarinyar da ta zo karɓar takardarta. Ina da masu zuwa gwaji wurina da SS waɗanda suka aurar da 'ya'ya. Kuma ba aikinka ba ne ka ce a yi aure ko a fasa; bayyana abin da haruffan ke nufi, a keɓe, ba a kan benci ba, ka tura su wurin likita.

In mutum ya zo da takardu biyu masu saɓani, ɗaya AA ɗaya AS, kada ka ce masa jininsa ne ya canza. Jinotaif ba ya canzawa da addu'ar wani ko jiƙon wani, sai dai in dashen ɓargo aka yi. Ɗaya daga cikin lab biyun ne ya yi kuskure, kuma yana iya zama naka. Sake ɗiba da hannunka, tambayi ƙarin jini, yi gudu da kwantirol, tabbatar da gwajin narkewa. In har yanzu layin bai kwanta maka ba, rubuta a fili cewa ana bukatar HPLC, ka mayar masa da kuɗinsa ya ƙara ya je can.